Kujera ta Huɗu a Ƙarshen Sahu

A masallacin lungunmu na unguwar Maamobi akwai kujerun roba guda huɗu, farare a da, yanzu sun koma kalar haƙorin mai cin goro. Suna jere a ƙarshen sahu ta wajen bango, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Tsofaffin da gwiwa ko baya ya hana su sujada su ne ke zama a kansu, su yi sallarsu a zaune. Uku suna da masu su. Ta huɗun babu kowa a kanta tun da mai ita ya rasu, ga shi kuma ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta.

Saddique ne ya raɗa wa wurin suna Tashar Ƙarshe. Ya ce yadda trotro, motar haya, ke sauke kowa a tashar ƙarshe, haka duk wanda ya hau kujerun nan, gaba sai maƙabarta. A wurin alwala ya faɗi haka, a gaban Baba Issah, wanda ya fi kowa daɗewa a kan kujerun. Samari suka yi dariya. Baba Issah ya ci gaba da zuba wa ƙafarsa ruwa daga buta.

Saddique ya kusa hamsin, amma bai yarda a faɗa ba. Kowa Masta yake ce masa. A bayan gidansu yana da wani ɗan fili da ya rufa da tsohon kwano, inda majiya ƙarfi ke zuwa ɗaga nauyi da safe: kanikawa, masu dako a kasuwar Nima, masu gadin shaguna. Kayan ɗagawar duk haɗin gida ne, gwangwanayen fenti cike da siminti da tsofaffin ƙarafan mota. Sai dai ba filin ke ciyar da gidan ba. Abin da ke ciyar da gidan wani gari ne ruwan ɗorawa da ake ƙullawa a 'yan ledoji, ana ce masa Garin Masta.

Duk baƙon da ya zo filin sai ya sha lacca. Saddique ya tsinto ta ne a bidiyoyin waya, ya yi mata gyaran fuska.

"Jikin mutum ƙarfe ne," in ji shi. "In ka ɗaga nauyi kana haki, iska ta cika jini, sai tsatsa ta kama nama. Ciwon nan da kuke tashi da shi washegari, tsatsa ce. Turawa suna da wani dogon suna da suke kiranta, ni na gajarta muku."

Daga nan sai ya raba gauta biyu, ya bar ɓari ɗaya a iska har ya yi baƙi, ɗayan ya tsoma a ruwan garinsa, ya nuna musu yadda ya zauna fes. Ba ya faɗar cewa ya matsa lemun tsami a ruwan. Amma babbar hujjarsa ba gautar ba ce, jikinsa ne. Sai ya bugi ƙirji ya ce, "Akwai wanda ya taɓa jin na ce wash? Akwai wanda ya taɓa ganin na huta?"

Matarsa Latifatu ce ke dakan garin. Citta, kanumfari, gangamau, kimba, busasshen zogale, da ɗan garin kuka. Ta taɓa gaya wa maƙwabciyarta cewa rabin kayan nan su ne uwarta ke zubawa a koko, kuma ba ta taɓa jin mai shan koko ya ɗaga mota ba. Ba ta ce garin banza ne ba. Yana ɗumama jiki, yana buɗe ciki, wasu ma sukan ce tsamin jikinsu na raguwa. Abin da ta ce shi ne, garin bai taɓa yi wa kowa alkawari ba, bakin mijinta ne ke yi.

Wata Asabar da safe Jamiu, wani bakanike da ya fi kowa ƙarfi a filin, ya turo ƙarfen gindin wata tsohuwar trotro a baro. Saddique ne ya daɗe yana nacin a samo masa shi. Suka kewaye ƙarfen suna kallo.

"Masta, a bar shi sai Litinin," in ji Jamiu. "Jiya mun sha wuya. Cinyoyina kamar an daka su a turmi."

"Ka sha garin?"

"Na sha."

"Cokali nawa?"

"Biyu."

"Shi ya sa. Mai shan uku bai san hutu ba. Hutu na masu tsatsa ne. Kunna wayarka ka ɗauka."

Ya shafa toka a hannu, ya sunkuya, ya ɗaga ƙarfen har ƙugu, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar shanya. Aka tafa. Jamiu ya duba wayar ya ce, "Masta, yi haƙuri, ban danna ba."

Mai hankali da sai ya ce gobe. Saddique ya sake sunkuyawa. Ƙarfen ya kai gwiwa, sai wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa. Ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye jariri, ya yi murmushi, ya ce, "Ku ci gaba, bari in amsa waya." Ba wanda ya ji wayarsa ta yi ƙara. Ya taka a miƙe har ɗaki, ya tura ƙofa, sannan ya zube a ƙasa, fuska a kan tabarma.

Latifatu tana zaune tana tankaɗe. Ta dube shi ta gefen rariya.

"Baban Hamdia, wani abu ka yar ne a ƙasan?"

"Rufe taga."

"Tsatsar ce?"

"Na ce ki rufe taga."

Ta rufe. Ta ɗora ruwan zafi, ta gasa masa bayan da tsumma, ta shafa man kaɗe. Da ta ce a tafi asibiti, sai ya ɗago kai da ƙyar ya harare ta.

"In tsaya a layi da kati a hannu, duk Maamobi na wucewa suna gaishe ni? Kawo mini garin. Cokali biyar."

Ta kawo. Garin bai taɓa bayan ba, amma ya taɓa cikin. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, banɗaki ɗaya a can ƙarshen tsakar gida. Duk lokacin da cikin ya murɗa, sai Saddique ya dafa bango ya miƙe, ya gyara fuska, ya ratsa tsakanin matan gidan da ke wanki yana tafiyar ƙasaita, gumi na bin kunnensa. In ya dawo ya rufe ƙofa, sai ya ciji matashi.

Mutanen filin an gaya musu Masta ya shiga ɗaki yana haɗa sabon gari mai ƙarfi, ba ya son a dame shi. Suka yarda, domin sun saba yarda. Masallaci ne bai da wannan sauƙin. A lungunmu in aka rasa mutum a sahu yini biyu, uku, ba a tambayar iyalinsa a hanya. Tashi ake yi a je dubiya, da lemu a leda. Saddique yana sallarsa a ɗaki, a zaune bakin gado, ƙofa a kulle. Ya san ko ya je masallaci ba zai iya kai goshi ƙasa ba, ya kuma san inda ake ajiye wanda ba ya iyawa. In aka gan shi a kan kujerar nan sau ɗaya, ba wanda zai ƙara sayen ko ƙulli ɗaya.

Bayan la'asar ɗin wata rana Latifatu ta leƙo ta ce, "Ga Baba Issah nan da mutum biyu. Da lemu."

"Tashe ni. Miƙo singileti. Shafa mini mai a kafaɗa."

Ta jingina shi da jikin ƙofa kamar tsani, ta koma gefe. Baba Issah ya iso yana dogara sanda.

"Saddique, mun zo duba ka. Ya jiki?"

"Wane jiki, Baba? Lafiyata ƙalau."

"Alhamdu lillahi. Ashe mun ɓata tafiya." Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa. "Sai dai ba ma ganinka a sahu. Marar lafiya yana da uzuri, matafiyi yana da uzuri. Kai kuwa ga ka tsaye, ƙirji kamar ƙofar shago."

"A Nima nake yi kwanan nan. Harka ce ta kai ni can."

"Wane masallaci?"

"Na bayan kasuwa."

"Na bayan kasuwa uku ne. Ƙanena ne ladan a ɗaya, surukina ke sharar ɗaya, na ukun kuma an cire rufinsa ana gyara."

Saddique ya yi tari. Tarin ya soke shi a baya, ya mai da shi murmushi. Sai sandar Baba Issah ta suɓuce daga hannunsa, ta faɗi daidai kan yatsun ƙafar Saddique. Ko yaron goye a unguwanninmu na zango ya san in sandar dattijo ta faɗi a gabanka, kai ne za ka ɗauka. Saddique ya dubi sandar. Sandar na nan. Mutanen biyu suka dube shi. Latifatu ce ta zo ta durƙusa ta ɗauka, ta miƙa da hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji Baba Issah. Ya juya ga mai riƙe da leda. "Taho da lemun. Na marar lafiya ne."

Tsohon bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Ya bar lungu ya yi aikinsa, lungu kuwa ba ya rasa bayani. Kafin Juma'a magana ta gama gari: Masta lafiyarsa lau, salla ce ya bari. Masu zurfin ilimin irin wannan suka ce ai dama ƙarfin nan ba na citta ba ne. Wani wuri ya je aka yi masa aiki, da sharaɗin kada goshinsa ya sake taɓa ƙasa. Shi ya sa ko sandar dattijo ba ya iya sunkuyawa ya ɗauka. Iyaye mata suka fara hana 'ya'yansu zuwa filin. Wata mai waken suya ta zubar da ƙullin da mijinta ya saya a cikin kwata, ta wanke kofin da toka.

Jamiu ya zo bakin taga ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Masta, mutane sun watse. Suna cewa garin da mai shi ba ya sujada, wa zai sha? Ka fito su gan ka."

Da ya tafi Latifatu ta ce, "To ga hanya biyu. Ka ce ba ka da lafiya, ko ka je ka zauna kusa da Baba Issah. Duk ɗaya ne, sai dai ta biyun da lada."

"Akwai ta uku. In je sahun gaba in yi salla kamar kowa."

"Da wane bayan?"

"Dama mini garin."

"Na dama maka buhu guda tun Asabar. Banɗaki ne kaɗai ya shaida."

Washegari da azahar ya ɗaure ƙugu da faffaɗan bel ɗin ɗaga nauyi a ƙarƙashin jallabiya, ya mulke baya da man zafi har ido na yaji, ya shanye kofi guda, ya fito. Ina sahu na biyu a ranar, na ga shigowarsa. Warin man zafin ne ya riga shi sallama. Ya bi ta gefen kujerun, Baba Issah ya ɗan bubbuga ta huɗun da tafin hannu, kamar mai kaɗe ƙura. Saddique ya ɗauke kai, ya ratsa har bayan liman ya tsaya, yadda kowa zai gan shi.

Tsayuwa ba ta ba shi wuya ba. Ruku'u ya yi shi a karkace, ya taso yana numfashi ta hanci. Ya sauka sujada a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, goshinsa ya taɓa shimfiɗa. Masu maganar boka da ke leƙe ta wutsiyar ido suka ga haka. Da ya tsaya nan, da ya ci nasara. Amma liman ya ce Allahu akbar, sahu ya ɗago, Saddique bai ɗago ba. Bayan ya ƙulle kamar kwaɗon da makullinsa ya karye a ciki.

Aka sake sujada, aka miƙe, aka yi sauran raka'o'in a kewaye da shi. Aka yi sallama. Yana nan yadda yake, goshi a ƙasa, ƙugu a sama. Ya lissafa a ransa cewa in ya yi shiru mutane za su ɗauka doguwar addu'a yake yi, su watse, sannan ya ja jiki ya fita ta ƙofar baya.

Ba wanda ya watse. Na kusa da shi ya kira sunansa, shiru. Ya taɓa kafaɗarsa, ya ji ta sanƙare kamar katako, ya janye hannu da sauri.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mutumin. "Malam, ina jin Masta ya cika."

Wani ya matsa zai juya shi, liman ya ɗaga hannu. Ya ce a dakata jama'a su shaida tukuna, domin ba kowa Allah ke ɗauka yana sujada ba. Nan take mutanen da jiya suka ce ya sayar da goshinsa ga boka suka fara tuna alherinsa. Wannan ya ce kullum yakan ga haske a fuskarsa. Wancan ya ce ashe ɓuyan da ya yi ibada ce yake yi a ɗaki. Saddique yana jin su duka. Bai taɓa jin an yabe shi haka ba tare da ya roƙa ba, sai ya ƙara rage numfashi.

Daga kan kujerarsa Baba Issah yana kallon gumin da ke gangarowa a ƙeyar mamacin. Ya ciro goro daga aljihu ya ɓantara.

"Mutum kamar doki, a ce ya faɗi haka kawai?" wani ya ce daga baya. "Me ya ci shi?"

"Me kuwa, in ba garin nan ba? Matan gidansu sun ce tun Asabar yake zarya banɗaki."

"Ni ma na sha jiya."

"To je ka yi amai, cale abokina, tun da sauran lokaci."

Liman ya ce a bar surutu, rana na tafiya, a zango kuwa gawa ba ta kwana. Ya ce Jamiu ya tara mutanen filin su ɗauki shebur su wuce maƙabarta, tunda su ne masu ƙarfin haƙa. Ya ce a kira mai ɗinkin likkafani, a kuma gaya masa ya ƙara yadi saboda faɗin kafaɗa. Aka aika a sanar da matarsa.

Latifatu ta zo da mayafi a karkace, garin gangamau a hannunta. Ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa, aka dare mata hanya. Ba fuskar mijinta ta nema ba, ƙafafunsa ta kalla. Yatsun sun kama shimfiɗa sun riƙe gam. Ta gyara mayafinta.

"Baban Hamdia," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "In ka mutu ka gaya mini in shiga takaba. In ba ka mutu ba, na bar tuwo a wuta."

 Can sai aka ji wata 'yar murya daga cikin shimfiɗa.

"Ku kawo kujera."

Na kusa da shi ya yi tsalle baya har ya taka ni. Baba Issah ya sa hannu a bayan kunne.

"Me ya ce? Kunnena ya tsufa, kun san mu 'yan Tashar Ƙarshe."

"Kujera," in ji Saddique.

"Ban ji ba. Wace?"

"Ta roba, Baba. Bayana ne. Tun Asabar."

"Af. Da ka faɗa ai da ka sha lemu."

Jamiu da wani mai dako suka ciccibe shi yadda yake a dunƙule, kamar buhun albasa, suka kai shi ƙarshen sahu. Da suka ɗora shi a kan ta huɗun, sai ta karkata wajen gajeriyar ƙafar, ya saki wash ɗin da duk Maamobi ba ta taɓa ji ba. Jamiu ya tsaya yana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Masta, cokali nawa ka sha?"

 Wanda ya ga haske a fuskarsa ya riga ya fita neman takalmi. Liman, wanda aka ƙwace wa gawa mai albarka a gaban jama'arsa, ya naɗe rawaninsa ya ce a taƙaice, "Azahar ɗinka tana nan. Ka yi ta a inda kake."

Latifatu ta ce wa Jamiu in an idar ya samo tasi, asibiti za a wuce, kuma ta babban titi, ba ta lungu ba. Ta juya ta koma wajen tuwonta.

Mutane ba su tafi ba, suka jeru a bakin ƙofa da tagogi. Saddique ya ɗaga hannu zai yi kabbara, kujerar ta sake yin gefe. Baba Issah ya miƙa sandarsa, ya jawo wani silifas da ke bakin bango, ya tura masa da ƙafa.

"Sa wannan a ƙarƙashinta," ya ce. "Marigayin ma haka yake yi."